Dawar Masar da Gwandar Masar: Asalin Harɗaɗɗen Suna a Bakin Manoman Ƙasar Maska

Tsakure

Masara ce amfanin gonar da ya fi rinjaye a ƙasar Maska a yau, amma sunanta sunan wata ƙasa ne mai nisa. Wannan maƙala ta bi sawun kalmar zuwa harɗaɗɗen sunan da ta fito daga cikinsa, wato dawar Masar, ta ajiye shi kusa da takwaransa gwandar Masar, sannan ta gwada su da wasu harɗaɗɗun kalmomi na harshen Holan da suka bi irin wannan hanya. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, idan irin wannan suna ya zo gajarcewa, darajar tsohon amfanin gona a wurin masu harshen ita ke yanke wane ɓangare zai faɗi.

Gabatarwa



Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Funtuwa a tsakiyar damina, ya zarce Bakori ya nufi Malumfashi, ko ya karkata ya nufi Ɗandume da Sabuwa, abin da zai fi gani hagu da dama shi ne masara. Yaron da ya tashi a Maska a shekarun nan zai ɗauka haka ƙasar take tun kaka da kakanni. Ba haka take ba. Wannan yanki shi ne masana tarihi, irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina, suke kira Katsinar Laka, kuma abin da aka san shi da shi a da shi ne dawa da auduga, da saƙa da rinin da audugar ta haifar. Da Turawa suka zo, audugar ce ta ja hankalinsu: suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, suka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A duk tsawon wannan zamani masara tana raɓe ne a bayan gida, inda toka da shara da kashin dabbobi suka taru, ana karyo ta ɗanya a gasa ko a dafa kafin sabon gero ya shigo.

Tambayar da na zo da ita ƙarama ce a ido: me ya sa ake kiran wannan hatsi masara? Amsar farko kowa ya san ta, wato daga Masar ne. Amma amsar ba ta faɗi yadda sunan ƙasa ya koma sunan hatsi ba, ba ta kuma faɗi dalilin da ya sa gwanda, wadda ita ma aka jingina ta ga Masar, ba ta bi wannan hanya ba.

Tsarin kalmar

An yi aiki mai yawa a kan harɗaɗɗun kalmomin Hausa. Mustapha Ahmad ya yi digirinsa na uku a kansu a Jami'ar Indiana a 1994, Paul Newman ya ware musu babi a babban nahawunsa na 2000, Joseph McIntyre kuma ya fitar da littafi sukutum a 2006 kan waɗanda aikatau ke jagoranta, irin su hana-salla da fasa-ƙwauri. Wanda ya shafe mu a nan shi ne nau'in da ya fi kowanne sauƙi: suna, sai mahaɗin nasaba, sai wani suna. Na farkon shi ne kai, shi ke faɗin mene ne abin; na biyun yana faɗin wane iri ne. Takin zamani taki ne, garmar shanu garma ce, malamin gona malami ne.

Dawar Masar a wannan sahu take. Tsofaffin rubuce-rubuce kan sunayen tsirran Hausa, musamman ayyukan J. M. Dalziel, likitan da ya fitar da jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916 da babban littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma a 1937, sun adana mana doguwar siga, dawar masara, tare da gajeriyar. Ba abin mamaki ba ne a kira masara dawa. Manomin da ya fara ganin ta, kafin ta yi goyo, kara da ganye ya gani irin na dawa, sai ya sa ta a gidan da ya sani, ya ƙara mata sunan inda aka ce masa ta fito.

Akwai shaidu a jikin kalmar kanta. Na farko, ra ɗin da ke cikin masara ra-gare ce, irin wadda ke ƙarshen Masar, kuma irin wadda aka saba ji a kalmomin da suka shigo daga Larabci. Na biyu, kuma wanda na fi ba nauyi, shi ne wasalin ƙarshe. Hausa ba ta ƙyamar baƙuwar kalma ta ƙare da ra: muna da tebur, muna da tumatir. Idan kuma za ta ƙara wa aron Larabci wasali, sau da yawa i take ƙarawa, kalmar ta zama namiji, kamar littafi da alƙalami. Masara kuwa a ta ɗauka, ta zama tamace. A ganina jinsin dawa ne ta gada. Kai ya tafi, amma ya bar mata jinsinsa, kuma sunayen ƙasashe da garuruwa a Hausa dama mata ne, don haka babu abin da ya yi wa wannan gado turjiya.

Wani zai ce, ai Barebari ma masar suke cewa, haka Larabawan Shuwa, Fulanin Adamawa kuma masarji, don haka wataƙila Hausa ta aro kalmar ce a gajarce daga Barno, daga baya aka ɗora mata dawa don bayani. Wannan magana tana da ƙarfi, domin Barno ce ƙofar gabas ta ƙasar Hausa, kuma ta nan kalmomi irin su kasuwa suka shigo mana. Amma ko da haka ne, ba ta rushe hujjata ba. Babu al'ummar da ke kiran hatsi da tsurar sunan ƙasa tun ranar farko. Dole an fara da "hatsin ƙasa kaza", ko a bakin Babarbare ko a bakin Bahaushe, kafin a gajarta. Kuma Bahaushen da ya ce dawar masara ya nuna cewa kunnensa yana jin kalmar a matsayin bayani kan wata irin dawa.

Abin da ya sa mai magana a yau ba ya jin Masar a cikin masara shi ne, mahaɗin nasaba a Hausa a jikin kai yake manne. Ko an ce dawar, ko an shafe ra ɗin an ce dawam masara, ko an bi karin Zazzau, maƙwabciyar Maska ta kudu, an ce dawan, mahaɗin yana tare da dawa. Da dawa ta faɗi sai ta tafi da shi, ba ta bar tabo ba.

Shin daga Masar ta fito?

Asalin masara kudancin Meziko ne, inda aka mayar da ita amfanin gona kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ba ta tsallako teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Daga Sifen ta bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum cikin hanzari, a daidai lokacin da daular Usmaniyya ke faɗaɗa, har ta ci Masar a 1517. Masana tarihin amfanin gona, tun daga Roland Portères a 1955 da Marvin Miracle a 1966 har zuwa James McCann a 2005, sun yi magana kan hanyoyi biyu da ta bi ta shigo Afirka: ta bakin teku a hannun 'yan Fotugal, da kuma ta Bahar Rum da kogin Nilu zuwa yankin tafkin Chadi. Roger Blench da Kay Williamson da Bruce Connell sun bi sunayenta a harsunan Nijeriya, kuma sunayen arewa suna nuna hanya ta biyu. Yarbawa agbado suke cewa, Ibo kuma oka, babu ƙamshin Masar a cikinsu.

Sai dai a yi hattara. Turkawa suna kiran masara da sunan Masar, mutanen Masar ɗin kuma suna kiran ta dawar Sham. Bajamushen masanin tsirrai Leonhart Fuchs ya zana ta a littafinsa na 1542 ya kira ta hatsin Turkiyya. Italiyawa har gobe granturco suke cewa. Mutanen Holan sun daɗe suna ce mata alkamar Turkiyya kafin sunan da Sifaniyawa suka aro daga mutanen tsibiran Karibiyan ya kore shi. Fulanin Futa Toro makka suke cewa, Swahili kuma suka jingina ta ga Hindu. Kowa ya nuna maƙwabcin da ya miƙo masa, ko ƙasar da yake ganin duk wani abin kirki daga can yake zuwa.

A Katsina, wannan ƙasa Masar ce. A wancan zamani ta nan alhazai ke bi, daga nan littattafai ke zuwa. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem suna da masaukin ɗalibai da alhazai a Alƙahira, kuma Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga can. Saboda haka abin da sunan ke tabbatarwa shi ne ɓangaren da iri ya ɓullo, wato arewa maso gabas, ta hanyar fatake da alhazai. Ba ya tabbatar da cewa wani ya ɗebo shi da hannunsa daga gonar bakin Nilu.

Gwanda ta bi wata hanya

A nan ne zancen ya fi daɗi. Gwandar da muke sha a yau ita ma 'yar nahiyar Amurka ce, ita ma baƙuwa ce, kuma ita ma da farko gwandar Masar aka kira ta. Dalziel ya adana wannan suna. Gwanda ta asali ita ce ƙaramar bishiyar nan ta jeji mai 'ya'ya ruwan ɗorawa idan sun nuna, wadda yara masu kiwo ke tsinka. Tsari ɗaya ne da na dawar Masar, ƙasa ɗaya aka jingina su gare ta, amma da suka zo gajarcewa sai suka rabu. A dawar Masar kai ne ya faɗi, bayani ya tsaya. A gwandar Masar bayani ne ya faɗi, kai ya tsaya, baƙuwa ta riƙe sunan ita kaɗai, har 'yar gida ta koma sai an yi mata ƙarin bayani an ce gwandar daji kafin a gane ta.

Nahawu ba zai iya bayyana wannan bambanci ba, domin a ma'aunin nahawu sunayen biyu ba su da maraba. Dalilin yana cikin rumbu. A wancan lokaci dawa ita ce tuwo, ita ce kunu, ita ce zakka, karanta shi ne danga da makamashi. Da ita ake auna ko magidanci ya noma abin da zai kai shi wata kakar. A ƙasar laka irin ta Maska, inda ruwa ya fi na arewacin Katsina yawa, dawa ta fi gero ma ƙarfi. Kalma mai irin wannan nauyi ba ta da wurin da za ta saukar da baƙo. Idan mutum ya ce ya sayo dawa, dole a san abin da ya sayo ba tare da tambaya ba. Don haka da masara ta yawaita a baki har dogon sunanta ya yi nauyi, ɓangaren da ba shi da mai shi a rumbu, wato Masar, shi ta ɗauka. Gwandar daji kuwa ba a shuka ta, ba a auna ta a kasuwa da mudu, babu wanda cinikinsa zai rikice don an karɓe mata suna.

Akwai hanya ta uku, ita ce sunan ya ƙi gajarcewa. Dankalin Turawa ya daɗe a kasuwanninmu, amma har yanzu da cikakken sunansa ake kiran sa. Tsohon dankali yana da ƙarfin da zai riƙe sunansa, kalmar Turawa kuma tana da aikinta na yau da kullum, ba za ta koma sunan abinci ba. Abin da ya faru shi ne tsohon ya fara karɓar nasa bayanin, ana cewa dankalin Hausa idan ana gudun ruɗani, alhali shi ma asalinsa daga Amurka yake.

Shaida daga harshen Holan

Na zaɓi harshen Holan don gwaji saboda dalili biyu. Harshe ne mai yawan harɗa kalmomi, kuma masu shi sun yi wa tarihin kalmominsu hidimar da ba kasafai ake samun irinta ba: babban ƙamusunsu na tarihi, wanda Matthias de Vries ya assasa, ya fara fitowa a shekarun 1860, ba a kammala shi ba sai 1998. Tsarinsu kishiyar namu ne, bayani ke gaba, kai ke baya. Idan hujjata ta tsaya a harshen da tsarinsa ya saɓa wa namu, to ba tsarin Hausa ne ya haife ta ba.

Talo-talo a harshensu kalkoen ne. Tsuntsun ɗan Meziko ne kamar masara, kuma a ƙarni na 16 ya isa Turai. Suka kira shi zakaran Kalikut, da sunan birnin nan na gaɓar Indiya da Vasco da Gama ya isa a 1498, wanda su suke rubutawa Calcoen. Akwai ma ɗan littafi mai wannan suna da aka buga a Antwerp a farkon ƙarnin, kan tafiyar da Gama ta biyu. Kalikut a wurinsu ita ce Masar a wurinmu, garin da kayan ƙamshi da abubuwan mamaki ke fitowa. Da tafiya ta yi tafiya sai zakara ya faɗi, sunan gari ya zama sunan tsuntsu, har ya ƙetara zuwa harsunan Suwidin da Denmak da Indunusiya. Dalilin faɗuwar kai shi ne dai wanda muka gani: kaza da zakara sun fi ƙarfin a karɓe musu suna a gidan manomin Holan. Haka Faransawa suka yi, kazar Indiya ta koma dinde.

Lemon zaƙi kuma sinaasappel ne, wato tuffar Sin. Wannan ya bi hanyar dankalin Turawa, ya zauna da tsawonsa, domin tuffa tana nan da ƙarfinta. Amma da aka zo sanya wa lemon kwalba mai ɗanɗanonsa suna, sai aka yanke kai aka ce sinas. Abin lura shi ne s ɗin ƙarshe, wadda ita ce alamar nasabarsu, ta tsira, domin a wurinsu a jikin bayani take manne. Tabon da masara ba ta da shi ke nan.

Bayan 1975

Komawa gida. Abin da ya fitar da masara daga bayan gida a ƙasar Maska sananne ne. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani mai rangwame, da hanyoyin karkara, da malaman gona, da ingantaccen iri, musamman farar masarar nan TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Masara ta fi dawa amsa taki, fararta kuma tana yin tuwo mai kyan gani, ga kasuwar kudu tana jira. Binciken da Joyotee Smith da abokan aikinta suka wallafa a 1994 ya nuna yadda, cikin ƙasa da shekara 20, ta tashi daga amfanin bayan gida ta zama babban abinci kuma babbar hajar sayarwa a wannan shiyya. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta yadda cinikin hatsi da bashi da ƙwadago suke gudana a daidai lokacin da wannan canji ke kankama. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwa ta kwana ta wuni har ta karɓi manyan gonaki daga hannun dawa da auduga.

Harshe ya bi sawu. Kalmar da ta fara rayuwa a matsayin bayani yanzu ita ake yi wa bayani: farar masara, jar masara, masarar rani, masarar fadama. Tana kuma bayyana wasu: tuwon masara, garin masara, dusar masara, gemun masara. Goyo da totuwa sun zama kalmomin da kowane yaro ya sani. Sunayen iri ma harɗaɗɗu ne, ko da ba da Hausa aka harɗa su ba. Sammaz da manomi ke tambaya a shagon iri haɗin Samaru ne da sunan masara na Ingilishi, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ce ke fitar da shi, kamar yadda take fitar da Samsorg na dawa da Samcot na auduga. Har yanzu dai da sunan inda iri ya fito ake kiran sa. Kamfa da ake zuba wa masarar ita ma ragowar wani dogon suna ce na Ingilishi mai nufin haɗaɗɗen taki, wanda aka yar da takin aka riƙe haɗin, domin taki a bakin manomi yana da mai shi tun kafin zuwan buhu.

Wani abu kuma yana faruwa a idonmu wanda ya kamata a rubuta shi tun yanzu. Tunda ingantaccen iri ya zama shi ne masara a kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa, tsohon irin da kakanni suka adana a bayan gida ya fara buƙatar ƙarin bayani: sai an ce ta gargajiya, ko irin gida. Abin da ya sami gwandar daji ne yake samun sa, kuma dalilin bai canja ba, wanda ake aunawa a kasuwa shi ke riƙe tsurar suna. Wannan ya dame ni fiye da batun kalma, domin irin da sunansa ya koma gefe yakan bi sunan ya ɓace, tare da sunayen da tsofaffi ke bambanta launinsa da kwanakin nunarsa da su.

Don haka ina kira ga sassan Hausa na jami'o'in da ke kewaye da wannan yanki, na Katsina da Dutsin-ma da Zariya, su tura ɗalibai Maska da Ƙafur da Ɗanja da Faskari su zauna da manoman da suka yi noma kafin 1975, su ɗauki sunayen iri daga bakinsu da karin sautinsu, a kuma haɗa kai da masana iri na Samaru don a adana ƙwayar tare da sunanta. Masu aikin ƙamus kuma, idan sun zo kan masara, su rubuta cewa daga dawar Masar take, su tura mai karatu ya duba gwanda. Idan sun zo kan gwanda, su faɗa masa cewa ta daji ce ta fara amsa sunan.